Kakar 2019 ta ƙungiyar ƙwallon Amurka ta LSU Tigers

Kakar 2019 ta LSU Tigers ita ce kakar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta Jami'ar Jihar Louisiana, da ke birnin Baton Rouge, ta buga a gasar manyan jami'o'in Amurka, daga ranar 31 ga Agusta 2019 zuwa 13 ga Janairu 2020. A lokacin ƙungiyar tana ɓangaren Yamma na Gamayyar Kudu maso Gabas, wadda aka fi sani da SEC. Ed Orgeron ne babban kocinta, kuma tana karɓar baƙi a filin Tiger, mai ɗaukar 'yan kallo 102,321.

LSU ta buga wasa 15 ta ci duka. Takwas daga ciki na gamayyar SEC ne. Ta ɗauki kofin SEC bayan ta doke Georgia, sannan ta zama zakarar ƙasa da ta doke Clemson da ci 42 da 25 a birnin New Orleans. Wannan ne kambun ƙasa na huɗu da jami'ar ta samu, bayan na 1958 da 2003 da 2007. Jagoran harin ƙungiyar, Joe Burrow, shi ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekarar. Masu sharhi da yawa na sanya wannan ƙungiya cikin mafi ƙarfi da aka taɓa gani a tarihin wasan jami'o'i.

Yadda wasan da gasar suke

Ƙwallon Amurka daban take da ƙwallon ƙafar da aka saba gani a Najeriya da Nijar. Ƙwallon doguwa ce mai siffar ƙwai, kuma da hannu aka fi sarrafa ta. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11 a fili, tsawon filin yadi 100 ne, ana kuma buga zango huɗu na minti 15 kowanne. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da yunƙuri huɗu ya matsa gaba da yadi 10. Idan ya cika a ba shi sababbin huɗu, idan ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kai ƙwallo yankin ƙarshen filin abokan hamayya, wanda ake kira tacdawun, maki 6 ne, sai bugun da ke biyo bayansa mai maki 1. Bugun ƙwallo ta tsakanin sanduna a tsakiyar wasa maki 3 ne. Ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya jefa ta ko ya miƙa wa mai gudu, shi ake kira kwatabak, kuma a kansa kusan dukan harin yake rataye.

A Najeriya ɗaliban jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano kan haɗu ne a wasannin NUGA, waɗanda ake kammalawa cikin 'yan kwanaki, ko a gasar HiFL da aka fara a 2018. A Amurka kuwa wasan jami'o'i babbar harka ce ta kuɗi da talabijin, mai ɗaukar wata huɗu zuwa biyar kowace shekara. Filin Tiger kaɗai ya fi babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja ɗaukar jama'a da sama da mutum dubu 40.

Jami'o'in na rarrabe ne a gamayya-gamayya. A 2019 SEC na da jami'o'i 14, bakwai a Gabas, bakwai a Yamma. Abokan LSU a Yamma su ne Alabama, Auburn, Arkansas, Mississippi State, Ole Miss da Texas A&M. Kowace ƙungiya na buga wasan gamayya takwas, sannan zakarun ɓangarorin biyu su kara a birnin Atlanta. Bayan nan wani kwamiti mai mutum 13 ya zaɓi ƙungiyoyi huɗu daga duk faɗin ƙasar su fafata neman kambu. Da yake gurbi huɗu ne kacal, faɗuwa sau ɗaya tak na iya fitar da ƙungiya, shi ya sa kowace Asabar take da nauyi. An daina rabon Gabas da Yamma a 2024, shekarar da aka kuma ƙara gurabun zuwa 12.

Halin da ake ciki kafin kakar

An daɗe da sanin LSU da ƙarfin masu tsaro da gudu da ƙwallo a ƙasa, ba da jifa ba. Wannan salo ya kawo mata nasara a baya, amma ya daina aiki a gaban Alabama ta koci Nick Saban. Tun daga wasan ƙarshe na ƙasa na Janairun 2012, wanda Alabama ta ci 21 da nema, LSU ta sha kashi sau takwas a jere a hannunta. A Nuwamban 2018 Alabama ta zo har Baton Rouge ta ci 29 da nema. Muddin ba a wuce Alabama ba, babu zancen zuwa Atlanta, balle kambun ƙasa.

Shi kansa Orgeron mutane da yawa ba su yarda da shi ba. Ɗan garin Larose ne a kudancin Louisiana, daga al'ummar Cajun masu asali da harshen Faransanci, kuma an fi saninsa da kakkausar murya. Ya horar da Ole Miss daga 2005 zuwa 2007, inda ya ci wasa 10 ya faɗi 25, aka sallame shi. A 2013 ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Kudancin California na wucin gadi, ya yi abin kirki, duk da haka aka bai wa wani kujerar. Ya karɓi LSU a matsayin riƙo a Satumban 2016 bayan korar Les Miles, aka tabbatar da shi a Nuwamba. A 2017 ƙaramar ƙungiyar Troy ta doke shi a gida da ci 24 da 21, abin da ya ƙara wa masu sukarsa ƙarfi.

Joe Burrow ma da ƙyar ya samu wurin tsayawa. Ya taso a yankin Athens na jihar Ohio, ya yi shekara uku a Jami'ar Jihar Ohio mafi yawa a benci. Da ya ga Dwayne Haskins za a bai wa matsayin kwatabak, sai ya koma LSU a watan Mayun 2018. Kakarsa ta farko madaidaiciya ce: yadi 2,894 na jifa da tacdawun 16. Ƙungiyar ta gama da nasara 10 da faɗuwa 3, ciki har da wasan Texas A&M da aka yi ƙarin lokaci har sau bakwai, LSU ta faɗi da ci 74 da 72.

Sauyin ya zo a Janairun 2019, lokacin da Orgeron ya ɗauko Joe Brady, ɗan shekara 29, ƙaramin mataimakin koci a ƙungiyar ƙwararru ta New Orleans Saints. An ba shi tsara jifa, yana aiki tare da Steve Ensminger mai kula da hari. Sabon tsarin ya baza masu cafe ƙwallo huɗu ko biyar a faɗin fili, ya rage jinkiri tsakanin yunƙuri da yunƙuri, ya kuma bar wa Burrow damar duba yadda masu tsaro suka jeru kafin ya yanke shawarar inda ƙwallo za ta nufa. Dave Aranda ya ci gaba da kula da ɓangaren tsaro. Kafin a fara wasa, ƙuri'ar 'yan jarida ta kamfanin dillancin labarai na AP ta sanya LSU a matsayi na 6.

Wasannin farko

LSU ta buɗe kakar da lallasa Georgia Southern da ci 55 da 3. Gwajin gaske ya zo ranar 7 ga Satumba a birnin Austin, gidan Texas da ke matsayi na 9. Saura minti biyu da 'yan kai a tashi, LSU na gaba da maki 6, ga yunƙuri na uku, ga yadi 17 da ake bukata. Tsohuwar LSU da ta miƙa wa mai gudu ne, ta mayar da ƙwallo da bugu, ta dogara da masu tsaro. Wannan karon Burrow ya jefa wa Justin Jefferson, shi kuma ya ruga yadi 61 ya ci. An tashi 45 da 38, Burrow na da yadi 471. Daga wannan dare aka fara ɗaukar sabon tsarin da muhimmanci.

Sauran wasanni biyu na wajen gamayya ba su yi wuya ba: Northwestern State 65 da 14, Utah State 42 da 6.

Wasannin SEC

Wasan gamayya na farko shi ne na Vanderbilt a birnin Nashville ranar 21 ga Satumba, wanda LSU ta ci 66 da 38. Burrow ya jefa tacdawun shida, huɗu daga ciki Ja'Marr Chase ne ya cafe. Maki 38 da aka zura mata kuwa ya nuna ɓangaren tsaro bai kai na hari ba, kuma wannan magana ta bi ƙungiyar har Nuwamba.

Ranar 12 ga Oktoba Florida, mai matsayi na 7, ta zo Baton Rouge da dare, fili cike maƙil. An tafi hutun rabin lokaci 21 da 21, Florida ta shiga gaba 28 da 21 bayan dawowa, daga nan ba ta sake samun maki ko ɗaya ba. LSU ta ci 42 da 28. Cikin jifa 24 da Burrow ya yi, uku kawai suka faɗi ƙasa. Mako guda bayan haka, a gidan Mississippi State, aka ci 36 da 13, ya kuma kai tacdawun 29, wanda ya zarce tarihin jami'ar na kaka guda, alhali wasa na bakwai ake ciki.

Auburn ce ta fi kowa matsa wa LSU a duk kakar. Ranar 26 ga Oktoba masu tsaronta, musamman Derrick Brown, sun hana doguwar jifa, har Auburn ta shiga gaba 13 da 10 a zango na uku. Sai LSU ta koma gudu a ƙasa ta hannun Clyde Edwards-Helaire, ta tsira da ci 23 da 20. Wannan ne mafi ƙarancin makin da ta ci da kuma mafi ƙanƙantar tazara a kakar. Kashegari ƙuri'ar AP ta ɗora ta a matsayi na 1.

Wasan Alabama

An buga shi ranar 9 ga Nuwamba a birnin Tuscaloosa, kowace ƙungiya ta ci wasa takwas babu faɗuwa. Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, na cikin 'yan kallo. Alabama ta yi wasa 31 a jere ba a doke ta a gida ba, kuma kwatabak ɗinta Tua Tagovailoa ya dawo daga tiyatar idon sawu da aka yi masa makonni uku kafin nan.

Alabama ce ta fara kai hari har kusa da gida, sai ƙwallo ta suɓuce daga hannun Tagovailoa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. LSU ta ɗauka ta tafi ta ci ta hannun Chase. Abin da ya raba gardama ya faru a daƙiƙu 26 na ƙarshen rabin farko: Edwards-Helaire ya ci da gudu, Patrick Queen ya tare jifar Tagovailoa, sannan Burrow ya sake jefa wa Edwards-Helaire ya ci. Aka tafi hutu 33 da 13.

Alabama ba ta sallama ba. Najee Harris ya ci sau biyu, tazara ta dawo maki 6. Sau biyu a zango na huɗu LSU na amsawa da doguwar tafiya mai ƙarewa da tacdawun, inda Burrow ke gudu da ƙafarsa idan hanyar jifa ta toshe. Saura minti ɗaya da daƙiƙa 21 DeVonta Smith ya ci daga yadi 85, Alabama ta yi gajeren bugu don ta sake ƙwace ƙwallo, Jefferson ya danne ta. An tashi 46 da 41. Burrow ya kammala jifa 31 cikin 39, yadi 393, Edwards-Helaire kuma ya ci tacdawun huɗu. 'Yan wasa sun ɗauki Burrow a kafaɗa. Alabama, wadda ta ƙara faɗuwa a hannun Auburn a ƙarshen wata, ta rasa gurbi cikin huɗun ƙarshe karo na farko tun da aka fara tsarin a 2014.

Ƙarshen wasannin gamayya da kofin SEC

Mako guda bayan Alabama, LSU ta ci Ole Miss 58 da 37, amma an keta tsaronta da gudun sama da yadi 400. Ranar 23 ga Nuwamba ta ci Arkansas 56 da 20, ta tabbatar da zama zakarar Yamma. Duk da haka kwamitin zaɓe ya sauke ta zuwa na 2 a bayan Jami'ar Jihar Ohio, yana mai nuni da raunin tsaro. Amsar ta zo ranar 30 ga Nuwamba, da aka rama wa Texas A&M da ci 50 da 7. A wannan dare, wasansa na ƙarshe a filin Tiger, Burrow ya fito gaisuwa da riga mai ɗauke da sunansa a rubutun Cajun, Burreaux, don girmama mutanen jihar.

LSU ta gama da 8 babu faɗuwa a gamayya, Alabama na biye da 6 da 2, Auburn 5 da 3. A wasan ƙarshe na SEC ranar 7 ga Disamba a Atlanta ta haɗu da Georgia, zakarar Gabas, wadda ke cikin mafi ƙarfin tsaro a ƙasar. Wasan bai yi zafi ba, LSU ta ci 37 da 10. Derek Stingley Jr., ɗan ajin farko, ya tare jifa biyu, Burrow kuma ya jefa tacdawun huɗu. Kofin SEC na farko ke nan tun 2011, kuma kwamitin ya mayar da LSU matsayi na 1.

Neman kambun ƙasa

Wasan kusa da na ƙarshe, Peach Bowl, an yi shi ranar 28 ga Disamba a Atlanta tsakanin LSU da Oklahoma. Da safiyar ranar, surukar Steve Ensminger, matar ɗansa, wadda 'yar jaridar wasanni ce, ta rasu a hatsarin ƙaramin jirgin sama a garin Lafayette tana kan hanyar zuwa wasan. Ensminger ya tsaya ya yi aikinsa. Burrow ya jefa tacdawun bakwai kafin hutun rabin lokaci, huɗu a hannun Jefferson, aka tafi hutu 49 da 14, aka tashi 63 da 28.

Wasan ƙarshe ya faɗo a New Orleans, tafiyar kamar kilomita 130 daga Baton Rouge, a filin da Alabama ta kunyata LSU a 2012. Abokiyar karawar ita ce Clemson mai riƙe da kambu, wadda ta ci wasa 29 a jere. Ita ma laƙabinta Tigers, kuma ita ma filinta ana masa kirari da Kwarin Mutuwa, kamar na LSU. Clemson ta shiga gaba 17 da 7 a zango na biyu, tazara mafi girma da aka bai wa LSU a kakar. Kafin hutu LSU ta ci tacdawun uku a jere ta koma 28 da 17. Clemson ta matso 28 da 25, daga nan ba ta ƙara ba. Burrow ya gama da yadi 463, tacdawun biyar na jifa da ɗaya na gudu, Chase ya cafe ƙwallo tara na yadi 221. Wannan ce faɗuwar farko ta kwatabak ɗin Clemson, Trevor Lawrence, a wasannin da ya fara a jami'a.

Alƙaluma da kyaututtuka

LSU ta ci maki 726 a kakar, wato sama da 48 a kowane wasa, ta kuma doke ƙungiyoyi bakwai da ke cikin goman farko a lokacin karawa. Ita ce ƙungiyar SEC ta farko da ta ci wasa 15 babu faɗuwa.

Burrow ya jefa yadi 5,671 da tacdawun 60, aka tare masa shida kacal, kuma kashi 76.3 cikin ɗari na jifarsa sun isa hannu. Tacdawun 60 ɗin ya karya tarihin Colt Brennan na Hawaii, mai 58 a 2006, ya tsaya har 2021 da Bailey Zappe na Western Kentucky ya jefa 62. Chase ya samu yadi 1,780 da tacdawun 20, ya karɓi kyautar Biletnikoff ta gwanin cafe ƙwallo. Jefferson ya cafe 111, Edwards-Helaire ya yi gudun yadi 1,414. Grant Delpit ya samu kyautar Jim Thorpe ta masu tsaron baya, Brady ya samu ta Broyles ta mataimakan koci, AP kuma ta zaɓi Orgeron gwarzon kocin shekara.

An bai wa Burrow kyautar Heisman ranar 14 ga Disamba a New York, da tazarar maki 1,846, mafi girma a tarihin kyautar. Shi ne ɗan LSU na biyu da ya same ta, bayan Billy Cannon a 1959. A jawabinsa ya yi maganar talauci da yunwa a yankin da ya taso a Ohio, kuma cikin 'yan makonni jama'a suka tara wa wata cibiyar rabon abinci ta gundumar Athens sama da dala dubu 500.

Bayan kakar

Nasarar ta zo a lokacin da dokokin NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, suka haramta wa ɗalibai 'yan wasa karɓar albashi ko kuɗin talla. Abin da suke samu shi ne tallafin karatu da masauki da abinci. Orgeron kuwa ya sa hannu a sabon kwantiragi na shekara shida mai darajar kusan dala miliyan 42 a Janairun 2020. A daren wasan ƙarshe an ga tsohon ɗan wasan LSU, Odell Beckham Jr., yana raba wa 'yan wasa tsabar kuɗi a fili, abin da ya sa jami'ar ta hana shi shiga wuraren ƙungiyar na shekara biyu. Sai a Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasan jami'o'i cin moriyar sunansu da hotonsu.

Ƙungiyar ta watse da sauri. Brady ya koma Carolina Panthers, Aranda ya zama babban kocin Baylor. A zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL a Afrilun 2020 an ɗauki 'yan LSU 14, biyar a zagayen farko: Burrow na farko gaba ɗaya zuwa Cincinnati Bengals, sai K'Lavon Chaisson, Jefferson, Queen da Edwards-Helaire. Chase bai buga kakar 2020 ba, Bengals ta ɗauke shi a 2021 ya sake haɗuwa da Burrow, suka kai wasan ƙarshe na NFL a Fabrairun 2022.

A kakar 2020, wadda annobar korona ta taƙaita, LSU ta faɗi wasanta na farko a gida a hannun Mississippi State da ci 44 da 34, ta gama da nasara 5 da faɗuwa 5. A Oktoban 2021, wata 21 bayan kambun, jami'ar ta sanar cewa Orgeron zai bar aiki a ƙarshen kakar, Brian Kelly na Notre Dame ya gaje shi.